Sabo Ake Wa Kuka: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Gina Mutum, Ta Riƙe Masoyi, Ta Koyi Rashinsa

Mijin Gwaggona ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tafiya biɗa Abijan. Kamar yawancin mazan Adar na zamaninsa, da an yi girbi an zuba hatsi a rumbu sai ya saɓa jaka ya nufi tasha, ba a kuma ganinsa a Tawa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A can ajali ya riske shi, cikin watannin ɗari. Aka bugo salula da hantsi, kafin la'asar ƴan'uwansa ƴan ci-rani sun yi masa sutura. Mu kuma muka baza tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya ga kabari.

Gwaggo ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ba abin da aka gani tare da ita sai haƙuri. Abin ya fito ne da bazara ta zo ƙarshe. Ranar da iska ta juya aka jiyo ƙanshin ruwa daga nesa, sai ga Gwaggo ta buɗe turakar marigayi, ta share, ta kakkaɓe yana, ta fito da shimfiɗarsa ta shanya a igiya. Tun daga ranar, duk kabu-kabun da ya tsaya a ƙofar gida, ko tana tsakiyar tankaɗe ne, sai ta miƙe zumbur tana gyara kallabi. In ta ga ba shi ba ne sai ta koma ta zauna. Matan unguwa suka fara ƙus-ƙus. Wata ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wata ta ce ƙarancin tawakkali ne. Wata kuma ta ce kan ne ya taɓu. Na zo daga Yamai na iske ana cikin haka, na zauna kusa da ita a inuwar dogon yaro, na ce, "Gwaggo, kin dai san Baba Alhaji ya riga mu gidan gaskiya." Ta dube ni ta ce, "Na sani, Babana. Ai ni na yi mai takaba. Ƙafafun nan ne ba su sani ba."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Da na shiga karance-karance kan binciken ƙwaƙwalwa, sai na tarar Gwaggo, wadda ba ta taɓa taka lekol ba, ta faɗi abin da masana suka share shekaru suna aunawa. Hausawa ma sun riga sun dunƙule shi da suka ce ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake wa. Sai dai mukan faɗi karin maganar mu wuce. Shi sabon nan, mene ne shi a jikin mutum? A ina yake zaune, kuma me ya sa sani ba ya kankare shi? Kafin a kai nan, dole a fara da abin da ya sa kowane ɗan Adam ya zama shi kaɗai irinsa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A 2009 wata masaniya ƴar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙidaya ƙwayoyin jijiyar da ke cikinta, suka samu kimanin biliyan 86, miliyar 86 a bakinmu na nan.  Babban bambancin mutum da mutum yana cikin yadda suke haɗuwa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya duƙufa kan madubin ƙara girma yana zana su da hannunsa, har ya nuna cewa ba a saƙe suke kamar tabarma ba. Kowace ƙwaya zaman kanta take yi, tsakaninta da maƙwabciyarta akwai ɗan mitsitsin giɓi wanda saƙo ke tsallakewa. Wannan mahaɗa ita ake kira sinaf, kuma ƙwaya guda tana iya mallakar dubbai. Mahaɗar da ake yawan bi tana ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita tana dusashewa. Donald Hebb na Kanada ya kawo wannan hasashe a 1949, daga baya Eric Kandel ya tabbatar da shi a jikin wata katantanwar teku, aka ba shi Nobel a 2000.

Wanda ya tashi a ƙauye ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Hanyar ƙafa daga gari zuwa rijiya ba wanda ya shata ta, sawu ne a kan sawu. A bar ta damina biyu, ciyawa ta rufe ta. Amma wadda jakuna da mata masu tulu suka shekara arba'in suna bi har ta yi kwari a cikin tsakuwa, ko rijiyar ta ƙafe hanyar tana nan, kuma jakin da aka saki ita zai bi.

Ana iya ganin irin wannan kwari da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda muke cewa IRM. Tsohon direban taksi a Yamai ya san lokacin da gadar Kennedy ba ta biyuwa, ya san lungun da zai kurɗa daga Wadata ya ɓulla Yantala ba tare da ya tsaya tunani ba. Takwarorinsa na Landan sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su izinin aiki, karatun da ke cin shekara uku zuwa huɗu. A 2000 Eleanor Maguire ta duba ƙwaƙwalwarsu, ta iske ɓangaren baya na hifokamfus, wurin da ke riƙe taswirar wurare, ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa yana tuƙi nasa ya fi. Don kada a ce da haka aka haife su, ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo tun daga farko, suka fitar da sakamako a 2011: waɗanda suka ci jarrabawa nasu ya ƙaru, waɗanda suka faɗi ko suka bari nasu yana yadda yake. Sana'a ce ta sassaƙa naman.

Gado yana da kasonsa, ba ƙarami ba kuwa, binciken tagwaye ya nuna haka sarai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma mu da muke noman albasa mun kuma san albasa ba ta yi halin ruwa ba. A 2013 masana a birnin Dresden na Jamus, ƙarƙashin Gerd Kempermann, suka zuba ɓeraye 40 masu gado iri ɗaya sak a cikin babban keji guda, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, aka maƙala wa kowane ƴar na'urar da ke nuna inda ya taka. Bayan wata uku sun rarrabu. Wasu sun zama ƴan yawo da ba lungun da ba su shiga ba, wasu sun lafe a kusurwarsu, kuma ƴan yawon sun fi tsirar da sababbin ƙwayoyi a hifokamfus. Ƙaramin zaɓi na yau yana jawo na gobe, har ya zama hali. A 2015 Emily Finn da abokan aikinta a jami'ar Yale ta Amurka suka bincika hoton da aka ɗauka na yadda sassan ƙwaƙwalwar mutum 126 ke magana da juna, aka sake ɗauka wata rana daban, kwamfuta ta riƙa gane wane hoto na wane ne, ta dace fiye da sau 90 cikin 100. Kamar zanen yatsa, sai dai wannan zane rayuwa ce ke ci gaba da yin sa.

Saboda haka in an ce hali zanen dutse ne, na yarda da zanen, amma dutsen bai kai taurin da muke zato ba. Yana ma iya fashewa. A 1848 wani ma'aikacin layin dogo a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, nakiya ta tashi da shi ta cilla sandar ƙarfe mai fiye da mita ɗaya ta shiga ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta saman kai. Ya rayu, yana magana, yana tafiya, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da gaggawa, har abokansa suka ce wannan ba Gage ba ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙin keken doki a ƙasar Chile, aikin da ke son haƙuri da tsari, kafin ya rasu a 1860. A 1901 kuma aka kawo wa Alois Alzheimer wata mata ƴar shekara 51 a birnin Frankfurt, Auguste Deter. Ya tambaye ta sunan mijinta, ta ba shi nata. Ya ce ta rubuta sunanta, ta kasa ƙarasawa, ta ce ta ɓatar da kanta.

Waɗannan labarai ba su da nisa da mu. Akwai gidaje a Yamai da Tawa inda saurayi ya faɗi daga babur ba hular kwano, aka sallame shi daga asibiti an ce ya warke, amma mahaifiyarsa ta san ba ɗan da ya fita da safen nan ba ne ya dawo. Akwai tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana kiran ɗanta da sunan yayanta, ana yi mata tsawa kamar da gangan take. Raina yana ɓaci in na ga haka, domin hanyoyi ne ke rushewa a cikin kanta, kuma tsawa ba ta gyara ko ɗaya.

To, a cikin duk hanyoyin da ke kan mutum, waɗanda suka fi zurfi su ne masu zuwa wurin wani mutum. Nan so ya shigo.

So yana da zafinsa na farko, wanda mawaƙa suka fi yi wa waƙa. A 2000 Andreas Bartels da Semir Zeki a Landan suka sa mutum 17 da suka ce so ya kama su cikin na'ura, ana nuna musu hoton masoyi da na abokai. Hoton masoyi ya kunna sassan jin daɗi da lada, ya kuma rage aikin amigdala mai gaggawar hango haɗari, da wasu sassan da ke auna mutum su yanke masa hukunci. So hana ganin laifi ke nan a hoto. Da suka maimaita a 2004 da iyaye mata suna kallon hoton ƴaƴansu, sai suka ga kusan sassan nan ne dai. A 2005 Arthur Aron da Helen Fisher da Lucy Brown a Amurka suka gano cewa cibiyar wannan zafi tana can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ake samar da dopamin. Mutane na kiransa sinadarin daɗi, amma ya fi dacewa a kira shi sinadarin biɗa. Shi ke tayar da mai ƙishi ya nufi randa, shi ke hana saurayi zama a fada in lokacin zance ya yi. Wannan hanya ce kuma tiramol da ƴan'uwanta ke sacewa a kan matasanmu, shi ya sa mai shaye-shaye ke iya fifita ƙwaya a kan uwar da ta haife shi.

Amma Gwaggo ba auren soyayya ta yi ba. An ɗaura mata aure da mutumin da ta gani sau biyu. Abin da ya shiga tsakaninsu daga baya shi ne sabo, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Akwai wasu ɓerayen daji a filayen ciyawar Amurka waɗanda Lowell Getz ya lura, a shekarun 1970, cewa tarkonsa na yawan kama namiji da mace guda tare, watanni suna wucewa su ne dai. Ƴan'uwansu na kusa kuwa ba su san wannan zama ba, kowa ya gama ya kama gabansa. Sue Carter da Thomas Insel da Larry Young suka bi diddigi, suka iske bambancin yana da nasaba da sinadarai biyu, oksitosin da basofiresin, da kuma inda makarɓansu, wato wuraren da ke karɓar saƙonsu, suke a ƙwaƙwalwa. Masu zaman aure nasu makarɓan sun taru a sassan lada, ta yadda ƙanshin abokin zama guda ɗaya tak yake manne da jin daɗi. A 2004 aka ƙara wa namijin marasa zaman makarɓan basofiresin a wannan wuri, sai ga shi yana lafewa kusa da mace guda.

Oksitosin ba baƙo ba ne a wurin matanmu, ko da ba su san sunansa ba. Shi ne allurar da ungozoma ke yi wa mace a matanite da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, shi ne kuma ke sa nono ya kawo in jariri ya yi kuka. Sai dai kada a ɗauka an gano ƙwayar so. A 2023 masana a Kalifoniya suka samar da irin waɗannan ɓeraye ba tare da makarɓan oksitosin ba kwata-kwata, kuma suka ci gaba da zaman aurensu da renon ƴaƴa. Abin da rayuwa ta dogara a kansa ba a ɗaure shi da igiya ɗaya ba.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na James Coan a 2006. Matan aure 16 aka sa a na'ura, aka gaya musu za a iya ɗana musu ƴar wutar lantarki a idon sawu. Wani lokaci su kaɗai, wani lokaci riƙe da hannun baƙo, wani lokaci riƙe da hannun miji. Da hannun miji, sassan fargaba suka lafa sosai, kuma wadda zamanta da mijin ya fi daɗi ta fi lafawa. Ma'ana, ƙwaƙwalwa tana lissafa abokin zama cikin ƙarfinta, kamar yadda manomi ke lissafa rumbunsa in yana tunanin rani. Ta miƙa masa wani ɓangare na aikin kwantar da kanta. Kuma wannan ajiya ba ta cikin ma'ajin da ke riƙe labarai da ranaku. Clive Wearing, wani masanin kiɗa a Ingila, cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta lalata masa hifokamfus, wanda shi ne kuma ke ajiye sababbin labarai, a 1985, ya zama ba ya riƙe sabon abu fiye da ƴan daƙiƙoƙi. Amma duk sanda matarsa Deborah ta shigo ɗaki, ko yanzu ta fita, sai ya tashi ya tarbe ta da murnar wanda ya shekara bai gan ta ba.

Yanzu a koma ga ƙafafun Gwaggo. Babban aikin ƙwaƙwalwa kintace ne. Ba ta jiran abu ya faru, tana hango shi daga abin da ta saba, ta shirya jiki tun kafin. An ɗauke wuta, ka san an ɗauke, kai ne ma ka kunna tocila, amma kana shiga ɗaki hannunka ya kai kan makunni. Sani yana shiga da jimla ɗaya. Sabo kuwa da dubban maimaici ya shiga, kuma da maimaici yake fita. A 2013, a ɗakin binciken May-Britt da Edvard Moser a Norway, aka riƙa ajiye wa ɓera wani abu a wuri guda har ya saba, sannan aka ɗauke. Sai aka ga wasu ƙwayoyi suna kunnuwa duk sanda ya iso inda abin yake a da, kwanaki bayan an ɗauke shi. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin da ke nuna gurbin abin da babu.

Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya zauna da mutum 293 da suka rasa miji ko mata, ya buga sakamakon a 1971. Kusan rabinsu sun ce sun ji kamar marigayin yana tare da su, wasu sun ji muryarsa, wasu sun gan shi. Waɗanda suka fi daɗewa da aure sun fi samun haka, yawancinsu sun ce abin yana sanyaya musu rai, kuma akasarinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba. Mu ma muna da irinsa a cikin ingantaccen hadisi. Nana A'isha ta ba da labarin ranar da Hala, ƴar'uwar Nana Khadija, ta nemi izinin shiga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ji irin neman izinin Khadija, abin ya motsa shi, ya ce, "Ya Allah, Hala!" Shekaru ke nan bayan rasuwar Khadija. Wa zai ce wannan ƙarancin tawakkali ne?

A 2008 Mary-Frances O'Connor ta duba mata 23 da suka rasa uwa ko ƴar'uwa. Dukansu hoton mamaciyar ya kunna musu sassan jin ciwo. Amma waɗanda baƙin cikin ya ƙi sakinsu, ya kuma kunna musu wancan sashen biɗa, wanda ke cewa tashi ka nemo. Jiki ma yana biyan kuɗin wannan nema. A 1969 Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka ba da rahoton maza 4,486 a Birtaniya da matansu suka rasu: a wata shida na farko mutuwa a cikinsu ta haura abin da aka saba gani ga tsaransu masu mata da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne kan gaba. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da suka sa wa suna takotsubo, inda mummunan labari ke sa sinadaran firgici su yi wa zuciya ambaliya har ta kumbura ta kasa bugawa daidai, yawanci ga mata masu shekaru. Idan tsohuwa mai takaba ta ce ƙirjinta na ciwo, a kai ta asibiti, kada a tsaya ga ba ta haƙuri.

A ganina matar ɗan ci-rani tana da wahala ta daban, wadda ya kamata mu Adarawa mu fi kowa ganewa. Shekara talatin ƙwaƙwalwar Gwaggo tana koyon darasi ɗaya: in ɗakinsa ba kowa, yana can, kuma zai dawo da ruwan farko. Rashinsa a gida bai taɓa zama alamar mutuwa ba, shi ne ma zaman yau da kullum. Matar da mijinta ya rasu a gabanta, daren farko gurbinsa yake fara koya mata. Gwaggo kuwa duk tsawon takabarta babu abin da ya saɓa wa kintacenta, domin dama a waɗannan watanni ba ya nan. Makokinta na gaskiya sai da hadari ya haɗu ya fara, daidai lokacin da kowa ya ɗauka ta gama.

Wannan ya sa nake ganin hikima a cikin abubuwan da muke yi ba tare da mun tsaya tunaninsu ba. A yi wa mamaci wanka, a fito da shi iyalinsa su yi masa addu'a, maza su ɗauke shi a kafaɗa, su zuba ƙasa da hannunsu. Sannan kwana da kwanaki mutane na shigowa, kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, a amsa, wani ya shigo ya maimaita. Ibada ce da zumunci, amma kuma kowace gaisuwa sawu ne a kan sabuwar hanya. Ka tuna da gidajen da ɗansu ya nufi Libiya ko Aljeriya ta hamada, salularsa ta daina shiga, babu gawa, babu shaida, babu ma ranar da za a ce ita ce. Waɗannan iyaye mata ba a ba ƙwaƙwalwarsu abin da za ta koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa baƙin cikin da ya wuce wata shida yana hana mutum rayuwarsa, fiye da yadda al'adarsa ta saba, lalura ce da ake neman wa magani. Hawaye kuwa ba laifi ba ne. Annabi da kansa ya zubar da su a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Shi kuma mai barin duniyar, me ke faruwa a kansa? In zuciya ta tsaya, cikin daƙiƙoƙi kaɗan hankali ke gushewa, amma ƙwayoyin ba nan take suke mutuwa ba. A 2018 Jens Dreier na birnin Balin da abokan aikinsa suka auna ƙwaƙwalwar majinyata tara a lokacin cikawa. Da farko ƙwayoyin suna yin tsit don tattalin ɗan ƙarfin da ya rage. Bayan ƴan mintoci sai wata igiya ta ratsa su a hankali, kowace tana sakin cajinta, kuma in jini ya dawo da wuri ana iya juya abin. Jimo Borjigin ta jami'ar Michigan ta ga wata yunƙurowar wutar ƙwaƙwalwa a ɓeraye cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya a 2013, sannan a 2023 ta ga makamancinta a biyu daga cikin majinyata huɗu. Wasu sun yi ta yayata cewa an ɗauki hoton fitar rai. Na'ura wuta da jini take aunawa, iyakarta ke nan. Ruhu kuwa, aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta ce al'amarin Ubangiji ne, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan.

Cikin wannan kaɗan ɗin akwai abu guda da ya shafi duk wanda zai zauna jinya. A 2020 Elizabeth Blundon da abokan aikinta a birnin Vancouver na Kanada suka sa wa wasu ƴan majinyata kaɗan, waɗanda suka kai gargara har ba sa amsa kira, na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, suka riƙa kunna musu sauti yana canzawa. Ƙwaƙwalwarsu ta riƙa amsa canjin, sa'o'i kaɗan kafin cikawa, kusan yadda ta masu lafiya ke yi. Umarnin da ke cikin Sahihu Muslim na a laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada da kunne yake aiki. Don haka gardamar kuɗin magani da zancen gado a bakin gadon wanda ya daina magana, a fita da su waje.

Abokin zaman Baba Alhaji, wanda ya yi jinyarsa a ɗakin hayarsu, sai bayan damina ya samu zuwa gida. Ya zo da jakar marigayi: rediyo, tasbaha, tocila, tsohuwar hula, da turmin atamfa da ya saya wa Gwaggo tun kafin ciwon ya kwantar da shi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, ya ba da labari tun daga zazzaɓin farko har zuwa wanda ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya ce kwana ɗaya cur bai yi magana ba, shi kuma ya kai bakinsa kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada. Gwaggo ta ce, "Ya jiya?" Ya ce, "Allah ne masani, Hajiya, amma na ga fatar idonsa ta motsa." Kashegari ta aika aka kira shi ya sake faɗa mata daga farko. Bayan kwana biyu ta kuma aikawa. Ran nan ne na ga ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka bugo salula.

Shimfiɗar ta naɗe ta ba wani almajiri. Atamfar ta shekara a ƙasan akwati kafin ta kai wa tela. Da na je Tawa daminar bara, muna zaune wani kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Ta ɗaga kai ta dubi zaure, sannan ta ci gaba da tsince wakenta.